Zariyar Mazan Gidanmu

Shekarar da zan tafi makarantar kwana a Birnin Kudu, kakata ta ce ba zan bar Gwaram da bargon kanti ba. Ta bi matan gidanmu, kowacce ta ba da ƙyalle daga tsohon zaninta, ta harhaɗa mini mayafi. Ana jibi tafiya, saura baki kawai.

Nan rigima ta tashi. In aka kalmashe bakin, wato aka naɗe shi ciki aka ɗinke, ƙyallen da ke gefe zai ɓuya. Na Gwaggo ne a gabas.

"Ni za a naɗe?" in ji Gwaggo. "Atamfar da na je Kano da ita?"

"To a datse yamma," in ji Kaka.

"A datse wa?" Inna ta leƙo daga madafa, da muciya a hannu.

Ni dai na ɗauko rula da littafina, na auna kowane gefe sau uku, na zana taswirar mayafin, na rubuta mai kowane ƙyalle. Lissafi ya nuna ko ta ina aka ɓullo sai an taɓa wata. A ƙasa na rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa in da za a sami dogon ƙyalle siriri, kamu ashirin, a lulluɓe bakin da shi, ba wadda za ta ɓace. Kunya ta hana ni faɗa. Na ajiye littafin kusa da Kaka, na manta ba ta karatun boko. Sai da ta sa ni na karanta mata, ina kallon ƙasa.

"Kamu ashirin, maigida?" Haka take kirana don tsokana. Ta ɗaga kai ta dubi igiyar shanya, inda wandunan mazan gidan ke lilo.

Washegari Kawu ya fito daga ɗaki riƙe da ƙugu.

"Wa ya zare mini zariya?"

Baba da yayana suka fito, su ma haka. Kaka na zaune ta warware zariya huɗu ta shimfiɗe, tana ɗinki.

"Ku nemi igiya," ta ce. "Yaro zai tafi karatu."

Ban ƙirga ta huɗun ba sai ranar tafiya, da na sa wandona. Har tasha na je, mayafi a kai, hannu ɗaya a ƙugu, Gwaggo na bina tana nuna wa mutane atamfarta.