Faifan Beben Majigi

Wawan labarin nan ni ne. Na faɗa tun da wuri don kada wani ya wahala yana nema.

Shekarar da jirgin ƙasa ya iso Gusau, ina aiki a kantin wani Bature mai sayen gyaɗa. Boko na ɗan taɓa, sai malamai suka ga kaina ya cika da wuri, suka sallame ni. Turancina bai wuce gaisuwa da "kawo" da "kai" ba, amma a unguwarmu in aka tsinci takarda, ni ake nema.

Baturen yana da majigi, yakan haska wa jama'a a jikin farin ƙyalle. Akwai wani dogo mai manyan kunnuwa a ciki, kullum sai ya faɗa rami. Bakinsa na motsi, ba a jin komai, sai gari ya sa masa Bebe. Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe cewa mutumin yana magana, injin ne ba ya ɗauko murya. Wa zai saurare ni? Mutanen Gusau in sun kafe, sai Allah.

Rannan ina share sito, na ci karo da faifan garmaho a ƙarƙashin buhuna, ga hoton Bebe a jikin kwalinsa. Baturen ya ce ai hira ce aka yi da shi a ƙasarsu. Na roƙi aron faifan da garmahon, ya ba ni.

A lokacin wani falke a Bunguɗu yana neman tafinta, wanda zai riƙa tsaya masa wurin ciniki da Turawa. Kawuna ya yi mini hanya, saura a gwada ni. Na ce jarrabawa ta zo har gida: hirar Bebe zan fassara masa. Na ɗora kaya a jaki, shi kuma ya ga ranar ce ta dace ya gaida kowace ciyawa a hanya.

Da hantsi zauren falken ya cika, har da baƙinsa daga Tsafe. Na wana garmaho, na ɗora allura. Murya biyu suka fito, ɗaya na tambaya, ɗaya na amsawa, da sauri kamar ana korarsu. Gaisuwar farko na gane. Daga nan ban sake kama ko kalma ba.

Falken ya ce, "To, Malam, mi Bebe yac ce?"

Na gyara zama. Na ce yana gaida jama'a. Na ce ubansa makiyayi ne mai garken shanu, kuma faɗawa rami gado ya yi. Zaure ya ɗauki salati. Falken yana ta gyaɗa kai, ni kuwa har na fara hango kaina cikin sabuwar riga.

Sai ga mahaifiyar falken ta leƙo daga cikin gida, wata ƙaramar tsohuwa da sanda. Ta ce farkon ya wuce ta, a sake. Haba Inna! Duk mutanen nan sun ƙoshi, sai ke?

Na sake wanawa. Wanda ya ƙirƙiro garmaho bai yi shawara da tafintoci ba: abin da ya faɗa ɗazu, shi yake maimaitawa, ko tari bai mantawa. Ni kuwa na manta. Na ce Bebe maraya ne, a gidan wani maƙeri ya tashi.

Wani baƙon Tsafe ya ce, "To ina shanun?"

Na ce Turanci yana da faɗi, sai wanda ya yi karatu.

Falken ya daina gyaɗa kai. Tsohuwar ta nuna garmahon da sandarta, ta ce, "Ɗan nan, ni ban jin Turanci, amma ina jin tari. Wanga mutum inda yay yi tari ɗazu, nan yay yi tari yanzu. Shi bai sauya magana ba, kai kas sauya mashi uba. Ɗauki akwatinka, kada ka sake wanawa ka kashe maƙerin."