Wayar Mai Walda

Da asuba Mai Walda yana tsugune a bakin shagonsa, yana tsintar kusoshi da maganaɗisun tsohuwar lasifika, tunda ido ya daina nuna masa su. Tun yana saurayi yake haɗa ƙofofi da gadajen ƙarfe, tabarau kuwa sai ranar da ya ga dama. Wutar walda ta yi ta cin idon a hankali kamar gara. Likita ya ce ɗan ganin da ya rage ba zai kai baɗi ba.

Da guminsa autarsa ta yi karatu, har ta sami aiki a inda ake nazarin rana. Abin da take yi a can bai taɓa shiga kansa ba. Shi kuwa in ka ce masa ka iya, cewa yake yi nuna. Burinsa ɗaya, ya ga aikin nata kafin duhu ya rufe.

Ran nan ta zo masa da hoto a wayarta.

"Baba, ka gani? In rana ta yi aman wuta ta lafa, sai zaruruwan haske su tashi a samanta, a lanƙwashe kamar bakan gizo. Maganaɗisu ne ke riƙe da su."

Ya kai wayar har hanci. "Tubarkalla. Ya yi kyau."

"Baba, ai hasken wayar ya mutu tun ɗazu."

Ya miƙa mata wayar. "Karɓi taki, 'yar boko. Ɗauko min tawa wayar, tana rataye bayan ƙofa."

Ta kawo naɗin wayar ƙarfe. Ya yanka, ya lanƙwasa a kan gwiwarsa.

"Haka?"

"Haka, amma ƙafafun duka biyu a jikin rana suke."

Ya jawo katako ya huda, ya cusa su. "Guda ɗaya ce?"

"Ina! A jere suke kamar rumfa. Waɗanda suka fito daga baya sun fi tsawo."

"'Ya'yan zamani ke nan. Zauna ki kama min, Auta, baki ba ya lanƙwasa ƙarfe."

Har hantsi suna yi, wani mai son gyaran ƙofa ya gaji da jira ya tafi.

Ganin ƙarshe da aka yi masa a shagon, yana bin rumfar da yatsa, waya bayan waya, daga gajeru zuwa dogaye. Ya tsaya a kan wata da ta karkace, ya juya wajen Auta.

"Wannan aikinki ne ko na rana?"

"Nawa ne, Baba."

Ya lalubo filaya ya gyara ta.