Furanni Shida a Ƙofar Goggo Mirdza

Da safiyar Laraba, goma sha shida ga Oktoba, ina tsaye a bakin shingen gidanki da ƙunshin bandar kifi a hannu, sai wata baƙar mota ta tsaya. Ba motar Zigurds Lapsenieks ba ce, don tasa tsohuwa ce ja, duk garin nan an san tarinta. Amma shi ne ya fito daga kujerar baya, sakataren jam'iyyarmu, riƙe da fararen furanni. Ni mutum ne mai ƙirga abin da ya gani. Na ƙirga su, shida. Ko yaron da bai shiga makaranta ba a ƙasar nan ya san mai rai uku ake kai masa, ko biyar, ko bakwai. Biyu da huɗu da shida na kabari ne.

Washegari, Alhamis, da hantsi, Allah ya yi miki rasuwa a ɗakinki, kina da shekara saba'in da ɗaya. Goggo Mirdza Kalnupe, wakiliyarmu a majalisa shekara goma sha biyu, kwana goma sha biyu kacal bayan mun sake zaɓenki.

Da Zigurds ya fita a safiyar Larabar nan na shiga, na tarar da ke a jingine da matashin kai, furannin a kan bargo.

Kika ce, "Uldis, ka ƙirga?"

Na ce, "Shida ne, Goggo."

Kika yi dariya har tari ya sarƙe ki. "Bawan Allah ya yi gaggawa." Kika zare ɗaya kika miƙo mini. "Ungo, kai wa yarinyar nan da kake ta kewaya shagonsu ba ka iya magana. Yanzu sun koma biyar, ina nan da raina."

Haka kike. Ban taɓa ganin abin da ya firgita ki ba.

Ina ɗan shekara goma sha biyar teku ta cinye jirgin mahaifina, na bar makaranta na kama bandar kifi. Takardun hukuma suka riƙa zuwa gidanmu, mahaifiyata tana tura su ƙarƙashin katifa don tsoro. Ke kika zo kika zazzage su a kan tebur. Ba ki karanta mana ko ɗaya ba. Kika sa ni na karanta da kaina, layi bayan layi, ina tuntuɓe kina jira. Kika ce in riƙa farawa daga kwanan watan da ke sama kafin in kula da zaƙin maganar da ke ƙasa. Har yau a hankali nake karatu, amma ba na tsallake komai.

Ba ki taɓa karɓar motar ofis ba. Bas kike hawa zuwa Riga, babban birni, tare da matan da ke kai kifi kasuwa, har 'yan majalisa suna toshe hanci idan kin shiga. An ce kin taɓa gaya wa wani minista cewa warin mazaɓarki ne, gara ya saba da shi. Lokacin da ƙanƙara ta fasa bangon tashar jiragenmu, mako uku kina zaune a ƙofar ma'aikata da tulun shayinki har aka turo masu gyara.

Da zaɓen bana ya matso, kika sa sunana na goma sha ɗaya a jerin 'yan takarar Jam'iyyar Gaɓar Teku, kika ce cikon jeri ne. Zigurds ne na biyu. Amma a takardar ƙuri'armu mai zaɓe yana da alƙalami: ya sa alamar tarawa a gaban wanda yake so, ya ja layi a kan wanda ba ya so. Masunta suka yi ta soke Zigurds suna ɗaga ni, wasu don ƙauna, wasu ina jin don tsokana. Da aka gama ƙirga, ke ce ta ɗaya, ni na biyu, shi na uku. Kujera ɗaya muka samu a yankinmu, taki. Doka kuwa ta ce idan mai kujera ya rasu, na bayansa ke hawa.

Jam'iyyarmu kujera biyar gare ta cikin ɗari. Manyan ɓangarori biyu, ɗaya na da arba'in da takwas, ɗaya arba'in da bakwai, babu mai iya kafa gwamnati sai da mu. Cikin biyar ɗin nan, biyu na son bin masu arba'in da takwas, waɗanda suka yi wa wani kamfani alkawarin tasharmu. Biyu sun ƙi. Ke ce ta biyar, kuma sharaɗinki ɗaya ne tun ranar farko: duk wanda ke son hannunmu ya rubuta cewa tasha ta masunta ce. Idan tashar ta tafi, jiragen ruwa talatin da ɗaya ba su da wurin ɗaurewa.

Ranar Litinin muka binne ki. A wurin cin abincin makoki, miya ba ta ko huce ba, Zigurds ya ja ni gefe ya dafa kafaɗata.

"Ƙanena, majalisa ba rumfar banda ba ce. Mutanen can da ɗanyenka za su cinye ka. Sa hannu nan ka huta, ni zan ɗauke maka wahalar."

Na ce, "Yaya Zigurds, ka san ni da nawar karatu. Bari in tafi da ita gida."

Ya ce, "Layi huɗu ne fa!"

Na ce, "To, kwana huɗu ke nan."

Takarda ce da ke cewa ni, Uldis Berzkalns, na yafe kujerar da ta faɗo mini saboda rasuwarki. Na fara daga sama. An buga ta ranar Talata, goma sha biyar ga wata. Ran nan kina zaune kina shan romo, kina faɗa da rediyo.

Ban ce wani ya taɓa ki ba, Goggo. Likita ya ce zuciya ce, na kuma yarda, don mun daɗe da sanin tana ba ki wahala. Tambaya kawai nake yi. 'Yarki Ilze ba ta ji daga bakin likita cewa kwanakinki sun ƙare ba sai ranar Laraba da la'asar, to wa ya gaya wa Zigurds tun Talata? Motar wa ya hau? Me ya sa jaridar babban birni ta rubuta cewa an kusa ƙulla gwamnati, alhali bakinki bai canja ba? Na yi masa waɗannan tambayoyi a gaban mutane. Ya ce kuskuren mai buga takarda ne. Furannin kuma, wai mai shago ce ta ƙirga ba daidai ba. Mai shagon shekararta talatin tana ɗaure furanni.

Ban sa hannu ba, ba kuma zan sa ba. Ranar buɗe majalisa zan hau bas ɗin ƙarfe shida. Ban iya jawabi ba, kuma na san za a yi mini dariya. Amma ɗaga hannu ba ya bukatar digiri, sharaɗinki kuma na haddace shi.

Allah ya jiƙanki, Goggo Mirdza, ya yafe miki kurakuranki, ya ba ki hutawar da kika hana kanki a duniya. Ina miƙa ta'aziyyata ga Ilze da mijinta Dainis, da jikokinki uku, da ƙaninki Valdis, da dukan masuntan gaɓar nan. Allah ya ba mu haƙurin rashinki.

Abin da na faɗa game da safiyar Laraba kuwa, ba ni kaɗai na gani ba. Austra mai raba wasiƙu tana bakin ƙofa da kekenta. Tsoho Gunars yana ɗinkin raga a tsallaken hanya, shi ma ya ƙirga, har ya cire hularsa yana zaton an riga an yi rasuwar. Lambar motar kuma tana wurin Ilze, ta rubuta ta a bayan takardar maganinki.