Maɓallin da Ke Kiran Yaya

Autarmu ce ke kula da kwamfutar shagon ɗinki. Manhajar tsara yankan yadi Yaya ne ya rubuta, da wani tsohon yaren kwamfuta da ba ta iya ba. Ita ta gina fuskar allo da nata yaren, ta sa maɓalli mai kiran aikinsa.

Aka canja kwamfuta, kiran ya daina zuwa, ga shi shanyewar jiki ta ɗauke wa Yaya magana. In ta danna maɓallin, sai allo ya daskare, teloli su zuba mata ido. Ta kai masa kwamfutar har gado, ya dubi rubutunsa, sai hawaye.

Jiya ta sake dannawa, saƙon da Yaya ya rubuta tuntuni a cikin manhajar, don ranar da ta samu matsala, ya fito: “Auta, bar shi, zan duba.”