Malamar Ajin Ƙarshen Baranda

Yayata ita ce ta biyu a ɗakinmu, ni ne na biyar. Tun muna ƙanana, duk yaron da ya ɓare baki a gidanmu a bayanta ake ɗora shi. Gajeriya ce mai ƙaramar murya, in tana magana sai ka matso. Inna takan ce tsawon da muryar da Allah ya rage mata, a haƙuri ya biya ta. Da ta gama kwalejin horon malamai ta ce aikinta koyar da yara masu buƙata ta musamman ne, Inna ta tambaye ta ko makafi ne ko kurame.

"Ba ko ɗaya, Inna. Idonsu ƙalau, kunnensu ƙalau. Zuciyarsu ce ta ji ciwo."

"To, ita zuciya da alli ake gyara ta?"

Yaya ta yi dariya. A lokacin dariyarta ba ta da tsada.

An tura ta wata babbar makarantar firamare. Ajinta yana can ƙarshen baranda, bayan ɗakin da ake jibge karyayyun kujeru. Na san ajin sosai, domin ni nake ɗaukar ta a babur kullum da safe kafin in wuce shagona na gyaran firij, kuma in fankarsu ta tsaya ni ake kira. Tagogin babu gilashi, raga ce, tun ranar da wani yaro ya naushi gilashin ya yanke hannu. A lungu akwai tsohuwar katifa da bargo. Almakashi, reza, abin fiƙe fensir, duk wani abu mai kaifi yana cikin kabad an danna masa kwaɗo, makullin kuwa a wuyanta yake rataye da zare. Yaran ba su kai ashirin ba, amma kowane ɗaya aikin goma ne.

Akwai biyu da labarinsu ba ya barin bakinta. Na farko yaro ne da sauran malamai suka laƙaba wa Guguwa. Ya tashi yana kallon ubansa yana jibgar uwarsa a ɗaki ɗaya, har ranar da maƙwabta suka ɓalle ƙofa. Tun daga nan, in ƙofa ta buga da ƙarfi, sai ya birkice: ya kifar da tebur, ya ciji duk wanda ya samu, ya riƙa buga kansa da bango. Yaya takan zauna a ƙasa ta bayansa, ta rungume shi ta harɗe masa hannuwa a ƙirji, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa a kunne har jikinsa ya saki. Damatsanta duk shatin haƙora ne. Ta koma ɗinka riguna masu dogon hannu don kada Inna ta gani.

Ta biyu yarinya ce da ake kira Shiru. Gobara ta cinye gidansu da uwarta da ƙaninta a ciki, ita kaɗai aka fitar. Daga ranar ba ta ƙara furta kalma ba. Kakarta ce ke kawo ta, wata tsohuwa mai dogara sanda. Yaya ba ta taɓa matsa mata ta yi magana ba. Takan ja kujera kusa da ita, su yi ta zane da fensir mai launi, ita tana ba ta labarin kajin gidanmu ko na wata mage da ta haihu a silin, yarinyar tana ji.

Shekarun farko tana da mataimakiya, kuma akwai wata jami'a mai ba da shawara da ke leƙo su lokaci-lokaci. Aka yi wa mataimakiyar canjin wurin aiki, ba a kawo wata ba. Jami'ar ma ƙafarta ta ɗauke. Ana nan kuma sai sauran malamai suka gano hanya mai sauƙi: duk yaron da ya gagare su, ko da ƙiriniya ce kawai, sai ka ji an ce, "A kai shi wurin Malama." In ta shiga ofishin malamai ɗaukar alli, wani zai ce, "A ba ta hanya, ga likitar masu taɓin hankali." A yi dariya, ita ma ta murmusa.

Ba ta samun hutun tara, domin ba a barin waɗannan yara su kaɗai ko na ƙiftawar ido. Ta daina shan ruwa da safe don kada fitsari ya matsa mata. Abincin da take ƙunsowa sau da yawa haka yake komawa gida ba a buɗe ba. Ta je wurin Hedimasta ba sau ɗaya ba. Shi ba mugun mutum ba ne, nauyi ne ya yi masa yawa.

"Malama, mun rubuta, muna jiran amsa," in ji shi. "Ke Allah ya yi wa wannan baiwa. In ba ke ba, wa zai iya?"

Wannan yabon shi ya ɗaure ta fiye da komai. Wanda aka ce shi kaɗai zai iya, da wane baki zai ce ya kasa?

Abin bai zo mata rana ɗaya ba. Ni na fara lura, a kan babur. Da, tun daga ƙofar gida har ƙofar makaranta labarin yaranta take ba ni, har in ce, "Yaya, ki bar ni in ji ƙahon motoci." Sai labarin ya fara gajarta, daga baya ya ƙare. Na riƙa jin nauyinta a bayana kamar na ɗauko buhu. In mun doshi kwanar makarantar, sai in ji ta damƙe min riga.

A gida ma haka. Mijinta mai yin kujerun kushin ne, mutum mai barkwanci, suna da 'ya ɗaya. Da farko da wasa yake faɗa: "An kai wa 'ya'yan mutane abincin, mu an kawo mana tukunya mu kankare." Daga baya ya daina wasan. In ta dawo takan shige banɗaki ta rufe ƙofa ta daɗe, ba ka jin motsin ruwa. Cokali in ya faɗi sai ta zabura. 'Yarta in ta zo da gudu za ta faɗa jikinta, sai ta tare ta da hannu tun daga nesa, kamar mai kare duka. Yarinyar ta koyi tsayawa a bakin ƙofa tana kallon fuskar uwarta tukuna kafin ta shigo.

A shekara ta uku da zuwan Shiru ajin, wata safiya suna zane, yarinyar ta ɗago kai ta ce, "Malama, jan ya ƙare." Murya a dishe, amma kowa ya ji. Labari ya karaɗe makaranta. Kakar da ta zo ɗaukar ta ta durƙusa a baranda tana kuka tana sa wa Yaya albarka. Hedimasta ya faɗa a taron safe, aka tafa mata.

Ni ma murna ta cika ni. Muna hanyar gida ina ta zuba, sai Yaya ta ce in tsaya. Na gangara gefen titi kusa da wani mai faci. Ta sauka ta tsaya tana kallon ƙasa.

"Ƙanina, zan gaya maka wata magana, kada ka kai wa Inna."

"Ina jin ki, Yaya."

"Da yarinyar nan ta yi magana, ban ji komai ba. Kullum addu'ata ke nan in ji muryarta. Da ta zo, na miƙa mata wani jan fensir, ina tunanin ko na kashe risho kafin in fito. Ka san in ka daɗe zaune a kan ƙafarka, ka mintsine ta ba ka ji ba? Haka cikina yake."

Na ce mata gajiya ce, hutu ya kusa, za ta warware. Abin da na sani ke nan. Hutu ya zo ta kwashe shi a kwance, aka koma makaranta ba abin da ya sauya.

Ana tsakiyar zangon ne iska ta taso gabanin ruwa, ta maka ƙofar ajin da bango. Guguwa ya birkice. Ya ture tebur, ya nufi bango ya shiga buga goshinsa. Sauran yaran suka ruɗe da kuka. Yaya tana tsaye a gaban allo, hannunta riƙe da makullin wuyanta, tana kallo. Daga baya ta gaya min tana ganin komai sarai, ta san abin da ya kamata ta yi, har tana ce wa ƙafarta ta tafi, ƙafar ta ƙi. Sai da maigadi ya jiyo ihun ya rugo ya riƙe yaron. Kafin nan goshin ya fashe, jini har a kan raga. Aka kai shi asibiti aka yi masa ɗinki.

Kowa ya zaci uwar yaron za ta zo da faɗa. Da ma ta yi. Ta zo bayan an tashi, siririyar mace da koɗaɗɗen mayafi, ta sami Yaya tana goge bango da tsumma. Ta gaishe ta da ladabi, sannan ta ce:

"Malama, ke ma kin gaji da shi ko? Ba komai. Kowa ma ya gaji. Ni da na haife shi ma wani lokaci... Allah dai ya saka miki, kin yi ƙoƙari."

Ta juya ta tafi. Yaya ta ci gaba da goge wurin da ya riga ya fita.

Washegari na je ɗaukar ta, na yi ta danna ƙaho ba ta fito ba. Mijinta ya leƙo ya yafito ni. Na same ta zaune a bakin gado, ta shirya tsaf, jakarta a cinya, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan a hannu.

"Tun ɗazu haka take," in ji shi. "Na yi magana har na gaji."

Na durƙusa gabanta. "Yaya, mu tafi ko?"

"Ina zuwa," ta ce. Ba ta motsa ba. Hawaye kawai ke sauka, fuskarta ko yamutsewa ba ta yi ba.

Asibiti muka nufa maimakon makaranta. Likita ya ce jininta ya hau, ga ciwon mara na riƙe fitsari, amma babban ciwon ba a jiki yake ba. Ya ce aikin ne ya tsotse ta, yakan faru da masu kula da mutanen da ke cikin damuwa in babu mai kula da su. Ya rubuta mata magani da hutu, ya haɗa ta da wata mai sauraron irin wannan matsala. Inna ta tattaro kayanta ta tare a gidan Yaya. Ranar da ta taimaka mata wanka ta ga tabon haƙoran, ta fito ta zauna a tsakar gida. Can ta ce, "Rijiya ma in ana ta ɗiba ba a barin ta ta taru, laka take bayarwa. Mu duka muka yi ta jefa guga."

Da hutun ya kusa ƙarewa, Hedimasta ya zo gida, ya taho da kakar Shiru. Tsohuwar ta ce yarinyar ta koma shirunta tun da aka daina ganin Malama, kullum sai ta ja kujera kusa da tata ta ajiye. Yaya ta saurare su har ƙarshe, kanta a sunkuye.

"Baba, ki yafe ni," ta ce wa tsohuwar. "In na koma, gangar jiki ce kawai za ta zauna a kujerar nan. Yaran nan suna ganewa. Sun fi kowa ganewa."

"Ko na wata ɗaya, 'yata."

"Ba ni da shi, Baba. Da ina da shi, da na ba ta."

Na raka su bakin titi. Tsohuwar ba ta yi fushi ba, ta dai riƙa tsayawa tana hutawa a kan sandarta fiye da yadda ta yi da za su shigo.

Yaya ta ajiye aikin. An kawo wata sabuwar malama, ta yi zango ɗaya ta nemi canji. Daga nan aka rufe ajin, aka rarraba yaran cikin sauran azuzuwa, waɗanda suka gagara aka ce iyayensu su riƙe su a gida. Guguwa yana cikinsu. Na ji an kai shi garejin wani kawunsa, bai daɗe ba ya gudu. Shiru kuwa kakarta ta rasu, wasu dangi suka tafi da ita wani gari. Ban gaya wa Yaya ko ɗaya ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Yanzu a shagon mijinta take wuni, tana yanka soso tana ɗinka rigunan kushin a keke. Hannunta yana da kyau, masu saye suna yabawa. Jikinta ya ɗan dawo. 'Yarta takan zauna kusa da ita tana tattara ƙyallaye, wani lokaci har ta kwanta a cinyarta, ita kuma ta bar ta. In za ta kasuwa takan zaga ta doguwar hanya don kada ta haɗu da 'yan makaranta lokacin tashi.

Kwanakin baya ina gidanta, wata maƙwabciya ta yi sallama, riƙe da hannun ɗanta. Ta ce an gaya mata Yaya ta san kan irin waɗannan yara. Nata tun da suka yi hatsarin mota ba ya barci, yana fitsarin kwance, yana dukan ƙannensa. Ta roƙe ta ta duba shi kawai.

Yaya ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta ce su shigo ba. Ta gaya wa matar kada ta riƙa tsayawa a kansa in tana masa magana, ta durƙusa daidai tsawonsa. Kada ta dake shi kan fitsarin. Ta bar masa fitila a kunne. Ta kwatanta mata ɓangaren da za ta nema a asibiti. Duk maganar nan idonta yana kan uwar. Da suka tafi ta shiga ɗaki ta kwanta ta juya wa ƙofa baya.

Da la'asar ta fito, na ce, "Yaya, ko kallon yaron nan ba ki yi ba."

"Tun daga yadda ya riƙe zanin uwarsa na san abin da ke damunsa," ta ce. "In na kalle shi, zan ɗauke shi. In na ɗauke shi kuma, zan yar da shi a hanya."

Ta ɗauki tsintsiya ta shiga sharar tsakar gida, ni kuma na tayar da babur na koma shago.