Buhun Kanwa Zuwa Duwatsun Jos

Ku matso kusa, jikoki, ku ara mini kunnuwanku. Yau babu Gizo babu Ƙoƙi, abin da ƙafata ta taka zan faɗa, yayarku kuma ta rubuta tunda ni ban san baƙi ba.

A shekarar babban fari, ƙanena Buba ya kora shanunmu daga rugarmu ta bayan Sule Tankarkar ya yi kudu neman ciyawa. A cikinsu har da nawa, da Goshi, saniya mai farin tabo a goshi, jikar wadda mahaifiyata ta ba ni ranar da aka kai ni ɗaki. Damina uku ta wuce, ba Buba, ba saƙonsa. Sai wani falke ya ce ya gan shi a kan duwatsu, bayan Bukur, can ƙasar Jos.

Da hutun damina ya zo, ɗana Habu, malamin makaranta a Gumel, ya ce zai kai iyalinsa su ga duwatsu.

"Inna, ki zo mu je ki sha iska."

"Iskar Gumel ta ƙare ne?" na ce. "Amma zan je. Ku ga duwatsu, ni in ga ƙanena."

Maigatari

Ranar Alhamis na shiga kasuwa na sayi kanwa buhu guda, irin wadda raƙuma ke kawowa daga ƙetaren iyaka, inda muke kira Faransa. Shanunmu da ita suka tashi, kuma na ji an ce can babu. Asabe matar Habu ta riƙe baki.

"Inna, mutane na tafiya hutu da akwati, mu da buhu?"

"Baƙo ba ya zuwa hannu biyu, 'yar nan. Ko wurin saniya ne."

Gagarawa Tasha zuwa Kano

Mun tashi kafin kiran asalatu, a bayan motar gyaɗa. Gari na wayewa muna Gagarawa Tasha muna jiran jirgin ƙasan Nguru, wanda bai zo ba sai hantsi. Allah ya jiƙan wancan jirgi! Kujerun katako, mata na miƙo dafaffen ƙwai da fura ta taga, kowa ɗan'uwan kowa. Na zauna a kan buhuna har Kano, muka isa da la'asar sakaliya. Muka kwana a Fagge gidan wani abokin Habu, matarsa ta yi mana tuwon shinkafa miyar taushe.

Hanyar Jos

Da sassafe muka hau babbar mota mai bodin katako. Bayan Zariya sojoji suka tsayar da mu. Wani ya zunguri buhun da bakin bindiga.

"Mama, mene ne a ciki?"

"Tsarabar shanu ce, ɗana."

Ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska ya tofar. Direba ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba a ce taka ba ce." Har sojan ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

Daga Saminaka ƙasa ta fara tashi tsaye. Ni da na girma a rairayi, inda in jakinka ya ɓata kana hango shi daga bakin ƙofa, sai ga dutse a kan dutse kamar an jera tukwane, gajimare na zaune a kansu. Na ga ruwa yana zubowa daga saman wani dutse, fari fat, ba guga ba igiya, ba mai tara ko ƙwarya. Na tuna rijiyarmu da muke kwana a bakinta lokacin fari, na ja mayafi na rufe fuskata.

Jos

Mu a wurinmu damina gumi ce, don haka ba wanda ya ɗauko bargo. Ashe can damina sanyi ce mai shiga ƙashi. A masaukinmu yara suka cusa ƙafafunsu cikin zanena, Habu mai shan iska yana ta karkarwa.

"To, malam, ga iskar," na ce. "Sha ka ƙoshi."

Da safe mai masauki ta kawo mana kunun acca da soyayyen dankalin Turawa. Kwana biyu Habu yana yawo da iyalinsa, suna kallon duwatsu da tafkunan da masu haƙar kuza suka bari. A na uku na ce yau rana tawa ce.

Kan dutse

Ƙaramar mota ta sauke mu bayan Bukur, muka hau da ƙafa, Habu ɗauke da buhu yana haki. Wasu mata masu tallan nono suka nuna mana hanya. A wani kwari mai ciyawa har gwiwa na hango mutum ya rataya sanda a kafaɗa, ya dogara ƙafa ɗaya a kan ɗaya. Tsayuwar mahaifinmu ke nan.

"Buba!"

Ya juyo, sandar ta faɗi. Ya zo ya durƙusa. "Adda, ke ce a nan?"

Muka gaisa, muka tambayi na raye, muka yi wa matattu addu'a. Ina magana ina duban garken. Manyan shanu ne masu ƙiba, amma tsagar kunnensu ba tamu ba ce.

"Na wane ne waɗannan?"

"Na wani Alhaji ne. Kiwo nake masa." Ya kafa ido a ƙasa. "Adda, namu sun kwanta a hanya. Goshi ta kai har gindin dutsen nan, a nan ta faɗi. Amanarki ce. Da wane ido zan dube ki?"

Habu ya sauke buhun a hankali, kamar mai ajiye gawa. Ni kuwa na kwance bakinsa, na zuba kanwar a kan wani falalen dutse, domin ba zan mayar da ita gida ba. Shanun Alhaji suka tsaya suna shinshina daga nesa. Sai wata 'yar karsana ta ratso tsakiyarsu da gudu ta kafa baki tana lasa. Da ta ɗago kai, ga farin tabo a goshinta.

"'Yar Goshi ce," in ji Buba. "Ita kaɗai ta rage. Na ce sai ta hayayyafa ta cika miki garkenki, sannan in komo."

"Sai karsana ɗaya ta haifi garke zan ga ƙanena? Dubi kaina, Buba. Furfurar nan za ta jira ka? Shanu fari ya ci, wannan hukuncin Allah ne. Kai kuwa wa ya cinye ka?"

Ya rufe fuska da hannun riga. Karsanar na ta lasar kanwa, ba ruwanta.

Gida

Mun komo ta hanyar da muka bi, buhu wayam a naɗe a hammatata. Mun sauka Gagarawa Tasha da magariba, ƙamshin jiƙaƙƙen rairayi ya tare mu. Na gode wa Allah da ya kai mu ya komo da mu, na gode wa Habu da ya ɗauki kayan da ba nasa ba.

Habu ya yi ta koyarwa har ya ajiye aiki, bai kuma sake tafiya ba bargo ba. Asabe ta je Makka, ta komo da kayan da suka fi buhuna nauyi. Buba kuwa, bayan an yi girbin shekarar da muka je, wata safiya muka ji sallama a bakin shinge, ga shi tsaye ƙafa duk faso, da igiyar karsanar a hannu. A nan ya zauna, ya yi aure, ya tsufa, a nan muka binne shi.

Karsanar ba ta taɓa cika garke ba. Amma nonon da aka dama muku fura da shi yau da rana, ku je turke ku dubi goshin mai shi.