Muryar Matarsa Tana Cikin Kwamfutar Kamfani

Sun cire makullin Mai Zane daga kwamfutar ofis da safe, ba wanda ya gaya masa an sallame shi sai da ya kira da kansa. Hotunan matarsa marigayiya da muryarta duk suna can ciki, kuma sun hana shi su.

Mutumin nan ya tsufa yana zana gidajen da ba zai taɓa kwana a cikinsu ba. Da fensir da rula ya fara, a kan tebur mai karkata. Da aka kawo kwamfuta ya koya da furfura a kansa, bai yi gardama ba. Sai ciwon suga ya ci ƙafarsa ta hagu har aka yanke ta ƙasan gwiwa, hawan benen ofis ya gagare shi. Ba wanda ya yi tunanin sauko masa da tebur ƙasa. Mai kula da na'urorinsu suka turo, wanda kowa ke ce wa Injiniya, ya zo gida ya saita masa wata tsohuwar laftof.

Manhajar zanen ta fi ƙarfin laftof ɗin, a babbar kwamfutar ofis take zaune. Shi dai zai buɗe wata baƙar taga ya rubuta layi ɗaya, sai hanyar da suke ce wa SSH ta buɗe tsakanin ɗakinsa da ofis, wani ɗan fayil da ke matsayin makulli ya shaida cewa shi ne. Daga nan allon kwamfutar ofis ya bayyana a gabansa gaba ɗaya, da foldodinsa da shuɗin bangonsa. Yana dannawa a nan, aiki yana yiwuwa a can.

"Baba, laftof ɗin nan taga ce kawai," in ji Injiniya. "Ko rijiya ta faɗa, aikinka na can lafiya lau. Waccan ba ta ɓatar da komai."

Maganar nan ta zauna masa a kai.

Manaja yake ce wa matarsa, don ita ke ba da umarni a gidan. Takan tsaya a bayansa da kofin shayi tana kallon allon.

"Malam, wai kai ke tuƙa kibiyar nan ko ita ke tuƙa ka? Tun ɗazu ka ja hannu, sai yanzu ta iso."

"Daga ofis take tahowa, Manaja. Cunkoson motoci ya riƙe ta."

"To ka ce mata ta biya ta sayo mana gishiri."

Da ta kwanta asibiti, ɗakin mata a sama yake, shi kuma sanduna biyu gare shi. Ba kullum ake samun masu ɗaga shi ba. Sai ta riƙa aiko masa da saƙon murya a waya: ka sha maganinka, kar ka sa suga a ɓoye na san halinka, ka ce wa ƙanwarka Auta ta wanke labulen nan. Har muryar ta koma ƙasa-ƙasa faɗa take yi masa. Allah ya jiƙan ta.

Bayan rasuwarta wayar ta fara mutuwa da kanta, laftof ɗin kuma tana ƙara kamar tsohuwar fanka. Tsoro ya kama shi. Ya tattara hotunanta da saƙonnin ya tura su can kwamfutar ofis, ta yadda aka koya masa tura hotunan wurin gini, ya ajiye su a folda ɗaya a gefen zanensa. Daga baya wayar ta mutu murus, aka sake wa laftof ɗin kayan ciki, bai ko damu ba. Allon da yake gani kullum a kan teburinsa, kusa da kwalbar maganinsa, wa zai ce masa ba nasa ba ne? Kowace safiya kafin ya ja layi ɗaya sai ya kunna saƙo guda. In intanet ba ƙarfi muryar takan zo a gutsure, ya jira ta ƙarasa.

Ranar da suka cire makullin, baƙar tagar ta ba shi wani gajeren Turanci cewa ba a yarda ya shiga ba. Ya ɗauka intanet ne. Ya ja kujera zuwa bakin taga, ya kashe ya kunna, ya sake rubuta layin a hankali harafi-harafi kamar mai koyon rubutu. Sai da rana ta take ya kira Injiniya.

"Baba, wallahi daga sama umarnin ya zo. Ba su kira ka ba?"

Ba su kira shi ba. Sun ɗauki matasa masu sauri, shi ke nan.

Ƙanwarsa Auta ce ta sa shi a tasi ta kai shi ofis. Mai gadi ya ba shi benci a ƙasan benen, ita ta hau. Aka daɗe kafin shugaban ya sauko, waya a kunne, ya tsaya a kan matakala bai ƙarasa ƙasa ba.

"Ranka ya daɗe, ban zo neman aiki ba," in ji Mai Zane. "Folda ɗaya ce. Ba zane a cikinta."

"Malam, doka ta hana ajiye kayan gida a kwamfutar kamfani. Ka sani."

"Na yi kuskure. A ba ni, sai a goge."

"In na buɗe maka, gobe wani ya zo. Ƙarshen wata ake share na waɗanda suka tafi. Ka yi haƙuri."

Auta ta hau shi da faɗa. "Kai ba ka da matattu ne? Uwarka na raye ko?"

"Auta, bari," in ji yayanta. Ya kama sandunansa, mai gadi ya taimaka ya miƙe.

Yanzu yana gida. Kowace safiya yana buɗe laftof ɗin ya rubuta layin, ko Allah zai sa wani ya manta ya mayar da makullin. Jiya ya ce wa Auta ya fara manta yadda matarsa take faɗin "Malam", ko da jan wasali ne ko a gajarce. Auta ta gwada masa, ya ce ba haka ba ne.

Kuskure ya yi, an ji. Ba wanda ya zaunar da shi ya ce allon nan aro ne, ranar da aka ga dama za a karɓe. An dai ce masa waccan ba ta ɓatar da komai, ya yarda.

Kai shugaba, da kai Injiniya, wata bai ƙare ba tukuna. Kada ku share. Ba sai kun mayar masa da makulli ba. Ku buɗe foldar da hannunku, ku duba ku ga ba sirrin kamfani a ciki, ku zuba ta a filashi. Kuma ku kawo masa har gida, don ba zai iya hawa benenku ba.